Haƙƙin Wanda Mota Ta Buge: Martani Ga Mai Cewa A Yafe Nan Take

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa malami ya rubuta kwanan baya a kan haɗurran da ke aukuwa bisa hanyar Kano zuwa Zariya, musamman a wannan yanki namu na Kura da Garun Malam da Bunkure, kuma da yake shi mutum ne mai kyakkyawar niyya, wanda alƙalaminsa bai saba da ɓatanci ba, na ga ya cancanci a amsa masa da hujja cikin ladabi. Abin da ya tafi a kai, in na fahimce shi daidai, shi ne cewa babbar hanya ta mota ce, saboda haka wanda ya sa ƙafa a kanta aka kaɗe shi, shi ya kai kansa. Cewa haɗari ƙaddara ne, mai neman diyya ko mai kai direba gaban alƙali kuwa kamar yana jayayya ne da hukuncin Ubangiji, bal ma yana cin kuɗin jini. Da kuma cewa al'adarmu ta yafe wa direba nan take, a zaman makoki ko a bakin gadon asibiti, ita ce mafi dacewa da Musulunci, inshora da ƙarar neman biya kuwa baƙin abubuwa ne da Turawa suka bar mana. Ya kuma yi Allah wadai da fusatattun matasan da kan ƙone mota su far wa direba, a wannan kam ba ni da ja da shi ko kaɗan. Sauran maganganun ne nake tsoron kada su shiga kunnen talakawa da rigar addini, su zama sanadin tozartar haƙƙin marayu da naƙasassu.

Bari mu fara da ƙasar kanta, domin Malam ya yi magana a kan hanya kamar wata aba ce da aka shimfiɗa a jeji, sa'an nan mutane suka zo daga baya suka matsa mata. Alhali kuwa Kura gari ne tun ba a san kwalta ba, tun marinanta da mabuganta suna fid da baƙin rawanin nan ɗan Kura da fatake ke kaiwa ƙasar Buzaye. Kuma da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka koro ruwa ta Ruwan Kanya aka rarraba shi cikin magudanai zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure, sai hukuma da kanta ta mai da wannan yanki wurin da ba a hutun noma rani da damina, ta kira dubban mutane su fito kowace safiya zuwa gonakin shinkafa da alkama da tumatir da masara. Ita kuwa hanyar, da aka faɗaɗa ta aka mai da ita tagwaye, ratsa garuruwan ta yi ta tsakiya, har ya zama mutum gidansa na wannan hannu kwaminsa na wancan, ko makarantar 'ya'yansa na gabas da titi, masallacin Juma'a da maƙabarta na yamma. Wanda ya taɓa tsayawa Kwanar Gafan a tsakiyar kakar tumatir, ya ga 'yan dako da kwanduna a ka suna kaiwa da komowa tsakanin manyan motoci, ko ya tsaya Karfi ya ga masu masara da kayan lambu jere a bakin titi, ya san cewa ƙetare kwalta a nan larura ce ta neman abinci, wadda tsarin gwamnati ya ɗora wa mutane. Gadar ƙetarawa ma, inda aka yi ta, ba ta ɗaukar mai amalanke, ko mai jaki, ko mai keke da buhun taki a bayansa.

Sa'an nan kuma ba duk wanda mota ta buge ne yake kan kwalta ba. A wata Juma'a ta ƙarshen watan Yunin 2024, a garin Imawa cikin ƙaramar hukumar Kura, wata babbar mota ta ƙwace wa direbanta ta afka cikin jama'ar da suka fito daga masallaci, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa kuma ta tabbatar da rasuwar mutum 14, Allah ya jiƙansu da rahama. Ba hukunci nake yanke wa wancan direba ba, wannan aikin alƙali ne bayan ya ji shaidu. Tambayata ga Malam ita ce, waɗannan bayin Allah da suka amsa kiran salla, su ma su suka kai kansu? In ya ce a'a, to ya yarda ke nan akwai mai tafiya a ƙasa wanda ba shi da laifi, kuma ya wajaba a bincika kowace mas'ala ita kaɗai kafin a ce wane ne ya yi sakaci. Ita dokar hanya ma ba ta mallaka wa mota titi ba: ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari, ta ƙayyade wa tirela da tanka 60 ko da a tagwayen hanyar da babu kowa a kai, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta bayyana cewa haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga 50 zuwa 65. Duk mai bin hanyar nan ya san ko direbobi nawa ne allurar motarsu ke sauka zuwa 50 in sun shigo gari.

Amma jigon maganar Malam shi ne ƙaddara, kuma nan ne na fi jin nauyin saɓa masa, domin ya fi ni sanin littattafan da zan ambata. Babu Musulmin da ke musun cewa abin da ya sami bawa rubutacce ne tun fil azal. Sai dai Ubangijin da ya ƙaddara shi ne kuma ya shar'anta, ayar da ta zo da hukuncin kisan kuskure kuwa, ta 92 a Suratun Nisa'i, magana take a kan mumini wanda bai yi nufin kashe kowa ba, wato daidai abin da mu muke kira tsautsayi. Duk da haka aka ɗora masa kaffara, 'yanta wuya, ko azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu ba, aka kuma wajabta diyya a miƙa wa iyalan mamaci, sai fa in su ne suka yi sadaka da ita. Da a ce imani da ƙaddara yana kayar da haƙƙi, da wannan babi ɗungurungum bai sami wurin zama a fiƙihu ba. Kiran diyya da sunan kuɗin jini don a ƙyamatar da ita kuwa, magana ce da ya kamata malami ya yi taka-tsantsan da ita, gama abin da Alƙur'ani ya wajabta, Sunna kuma ta sa shi cikin abin da magada ke rabawa bisa fara'ili, ba ya zama abin kunya don kawai mutanen wani zamani sun ji nauyin karɓarsa.

Kada kuma a ce ai magabata ba su san mota ba. Sun san abin hawa, sun san hanya mai cunkoso, sun kuwa yi hukunci. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, a cikin Risala wadda almajiranmu ke biyawa a zaure har gobe, ya bayyana a babin jinane da haddodi cewa mutum uku ke lamunce abin da dabba ta taka, mai korar ta da mai jan ta da wanda ke bisa kanta, wanda ke faɗuwa a banza shi ne abin da ta yi don kanta, ba da tafiyar da wani ya sa ta ba. Wannan ita ce fassarar da Imamu Malik ya yi wa hadisin da Malam ya jingina da shi, mai nuna cewa ɓarnar dabba ba ta da biya. A cikin Muwaɗɗa ma ya kafa hujja da cewa Sayyidina Umar ya hukunta diyya a kan mutumin da ya yi sukuwa da dokinsa ya taka wani. To, in mahayin doki yana lamuni, alhali doki yana da rai da nufi nasa, yana iya firgita ya yi tutsu ba da son ubangijinsa ba, ina ga mai riƙe da sitiyarin ƙarfen da ba ya motsi sai an murɗa masa makulli, ba ya gudu sai an taka masa totur? Ko uzurin nan da aka fi kawowa, wai burki ne ya tsinke, ba ya wanke kowa shi kaɗai, domin galibi burki yakan yi gargaɗi kafin ya tsinke. Akwai wanda ya ji alamarsa ya ce a lallaɓa a kai kayan tukuna, akwai mai motar da ya hana kuɗin gyara, akwai wanda ya lafta mata lodin da ya fi ƙarfinta. Kotunan Ingila, waɗanda alƙalanmu na boko ke duba hukuncinsu, sun tsaya a kan haka a shari'ar Henderson da kamfanin Jenkins, inda burkin wata babbar mota ya tsinke a gangara ta kashe mutum, aka ce nauyi ne a kan masu motar su tabbatar da cewa sun yi duk kulawar da ta kamata, da suka kasa kuwa aka ɗora musu biya.

Inda Malam yake da rabin gaskiya shi ne cewa mai tafiya a ƙasa ma yana yin laifi. Haka ne. Akwai mai faɗowa titi ba dubawa, akwai mai shanya shinkafa a gefen kwalta ya tsaya yana juya ta da ƙafa ya ba motoci baya, akwai iyayen da ke sakin yara ƙanana su bi motoci da talla. Amma laifin wanda aka buge rage haƙƙinsa yake yi gwargwadon laifin, bai cika shafe shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a Brunai cikin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne na shari'a, cewa direba yana lamunce cutar da ya jawo wa wani a jikinsa ko dukiyarsa, ba ya kuɓuta sai in abin ya zo daga wani ƙarfi da ba shi da ikon tunkuɗe shi, ko aikin wanda aka buge ɗin ne ya yi tasiri mai ƙarfi wajen jawo shi, ko kuwa laifin wani ne na uku. In kuma sun yi tarayya a sababin, kowa ya ɗauki nasa. A tsohuwar dokar Turawa ne, tun wani hukunci na 1809, ake korar ƙarar mutum baki ɗaya in an same shi da ɗan sakaci. Ingila ta ga zaluncin haka ta soke shi a 1945, Majalisar Jihar Arewa ma ta soke shi a 1957, zamanin Sardauna, ta ce alƙali ya raba laifin ya rage biyan daidai da rabon. Ashe ke nan ra'ayin da Malam ke karewa da sunan al'adarmu, ƙa'ida ce ta Ingila wadda Ingilar ma ta yar. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun ma wuce nan, domin dokar inshora ta ƙasashen CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita, ta bi sawun dokar Faransa ta 1985, ba ta yarda a kafa wa mai tafiya a ƙasa hujja da kuskurensa a hana shi diyyar jikinsa ba, sai in da gangan ya nemi cutar da kansa.

Yanzu sai batun yafiya, wanda dominsa ne na ɗauki alƙalami. Ban musa falalar afuwa ba, kuma wanda ya san haƙƙinsa sarai, yana da ikon karɓa, ya dubi Allah ya bari, wannan ya yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Amma mu faɗi yadda abin ke gudana a garuruwanmu. An yi jana'iza da hantsi, da la'asar sai ga tawaga, da shugaban tasha da wakilin mai mota da wani dattijo mai baki, sun zo da buhun shinkafa da ɗan abin da aka ƙunsa a takarda. A yi addu'a, a yi nasiha a kan haƙuri, sa'an nan a juya ga baffan mamaci a gaban jama'a a tambaye shi abin da ya gani. Me zai ce, alhali an riga an nuna masa cewa neman haƙƙi raunin imani ne? Sai ya ce mun bar wa Allah, a shafa fatiha, washegari a je wurin 'yan sanda a kashe magana. Matar mamaci tana cikin ɗaki ta shiga takaba, ba wanda ya tambaye ta, alhali tumuninta na cikin abin da aka yafe. 'Ya'yansa ƙanana suna wasa a ƙofar gida, alhali mafi yawan dukiyar tasu ce. Diyya gado ce, kowane magaji da rabonsa, wanda ya yafe nasa kaɗai ya yafe. Baffa kuwa, in mamaci ya bar ɗa namiji, ba shi da ko anini a ciki, balle ya yi kyauta da ita. Waliyyi ko wasiyyi ba shi da ikon bayar da dukiyar maraya ba tare da musaya ba, wannan sananne ne a mazhaba. Kai, shi kansa wanda aka buge bisa kuskure, in ya yafe kafin ransa ya fita, Risala ta ce afuwarsa a cikin sulusin dukiyarsa take, kamar wasiyya. To, in shari'a ta taƙaita hannun mai jinin kansa don kare magadansa, ta yaya hannun maƙwabci da mai unguwa zai fi nasa tsawo?

Na san malamanmu na Malikiyya sun halatta kyautar abin da ba a san adadinsa ba, kada Malam ya ce na manta da wannan. Amma akwai bambanci tsakanin wanda bai san yawan haƙƙinsa ba da wanda aka gaya masa cewa ba shi da haƙƙin sam, ko cewa karɓarsa zunubi ne. Kuma malamai sun daɗe da yin gargaɗi cewa abin da aka karɓe wa mutum ta hanyar kunyata shi a bainar jama'a bai fita daga hannunsa da daɗin rai ba.

Waɗanda aka fi mantawa da su kuwa su ne waɗanda ba su mutu ba. Mamaci ana yi masa zaman makoki na kwana uku, amma ɗan ƙwadagon da aka karya wa cinya yana kan hanyarsa ta zuwa dashen shinkafa, shi zamansa na watanni ne, wani lokaci na har abada, kuma da ƙafar nan yake ci da iyalinsa. Direba yakan biya kuɗin daren farko a asibitin Kura, ko ya kai shi wurin mai ɗori ya ajiye wani abu, a ce an yi sulhu. Bayan wata biyu ƙafa ta ruɓe, a kwashe shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala, a ce sai an yanke, a lokacin kuwa mota ta yi sawu ashirin zuwa Kudu, lambar wayar da aka bari ma ta daina shiga, sai a jinginar da gona a biya asibiti. Shari'a ta hango wannan tun da daɗewa, shi ya sa ta ce ba a ƙaddara diyyar rauni sai bayan ya warke, an ga inda ya tsaya. Ta kuma ƙididdige gaɓɓai ɗaya ɗaya: cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, ƙafa ɗaya rabin wannan, haka hannu ɗaya, haka ido ɗaya, yatsa raƙuma 10, haƙori 5, rotsin da ya bayyana ƙashi 5, raunin da ya huda ciki ko ya kai ga ƙwaƙwalwa sulusi, gushewar hankali kuwa cikakkiyar diyya. Abin da ba a ƙayyade ba, in ya warke da aibi, alƙali ya kimanta shi, Ibn Arafa na Tunis kuma ya kyautata ra'ayin cewa a irin wannan a ɗora wa mai laifi ladan likita da kuɗin magani. Dokar ƙasa ita ma tana lissafa kuɗin asibiti, da abin da mutum ya rasa na sana'arsa, da abin da zai rasa nan gaba, da azabar da ya sha. Mutanen da suka zauna suka auna darajar yatsa da haƙori ba su yi haka don a ce wa gurgu ya yi haƙuri kawai ba.

Malam zai ce, kuma da gaskiyarsa, dinari dubu a farashin zinariya na yau ɗaruruwan miliyoyin naira ne, direban da ke karɓar ɗan alawus na sawu kuwa ko an sayar da shi ba zai biya ba. To ai shari'a ba ta ce shi kaɗai zai biya ba. Diyyar kuskure, in ta kai sulusi zuwa sama, a kan aƙila take, wato jama'ar da ke taimakon mutum, in cikakkiya ce a raba musu cikin shekara uku. Muhtasar na Halil ya fara da abokan diwani, waɗanda ke karɓar albashi a rajista ɗaya, kafin dangi na wajen uba, in duk babu sai baitulmali. Majalisar Fiƙihun da na ambata, a zamanta na Dubai cikin 2005, ta ce a wannan zamani inshorar takaful da ƙungiyoyin 'yan sana'a ɗaya suna iya tsayawa a matsayin aƙila. Ƙungiyoyin direbobi da na masu motoci suna karɓar kuɗi a kowace tasha kowace rana, suna kuma da ƙarfin tura tawaga gidan makoki. Wanda ke da ƙarfin zuwa roƙon afuwa a madadin ɗan ƙungiya, ya kamata ya kasance da asusun biya a madadinsa. A dokar ƙasa kuma mai mota yana ɗaukar alhakin sakacin direbansa muddin a bakin aikinsa ya yi shi, don haka mai ƙara ba yaron da ke sitiyari kaɗai yake bi ba, har da attajirin da tirelar ke yi wa dako. Sulhu a kan abin da bai kai cikakkiyar diyya ba halal ne ga baligan da suka yarda, ba wanda ya ce sai an tsiyata wani. Amma tsakanin dinari dubu da buhun shinkafa akwai fili mai faɗi.

Cewa kuma duk wannan baƙon abu ne, tarihi bai goyi bayansa ba. Dokar haɗurran da suka jawo mutuwa, wadda Jihar Arewa ta yi a 1956 jihohinmu suka gada, ta ambaci diyya da sunanta, ta ce in mamaci Musulmi ne, iyalan da ake ƙara dominsu su ne masu rabo a diyyar kisan kuskure a shari'ar Musulunci. Inshorar dole ta motoci kuwa an kafa dokarta a 1945 ta fara aiki a 1950, kuma manufarta ɗaya ce, kada wanda aka buge ya rasa mai biyansa don direba matalauci ne. Daga farkon 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, 100,000 ga manyan motocin dako, 5,000 ga a-daidaita-sahu, 3,000 ga babur. Iyakar naira miliyan 3 ko 5 da ake ambata ta ɓarnar dukiya ce, rauni da rai ba a sa musu iyaka ba. Dokar inshora ta 2003 ta ma tanadi asusu domin waɗanda motar da ba ta da inshora, ko wadda ta gudu ba a gane ta ba, ta kashe ko ta naƙasa, a watan Agustan 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar doka da ta tattara tsofaffin wuri ɗaya. Ciwon shi ne da yawan masu motoci sun ɗauki takardar inshora a matsayin abin nuna wa ɗan sanda a shinge, suna sayen ta jabu a hannun 'yan kamasho, talaka kuma bai san an yi ta dominsa ba ne. Wanda ke da shubuha a kan inshorar kasuwa, ga kamfanonin takaful nan an ba su lasisi tun 2016. Shi kuwa wanda aka karya, haƙƙinsa yake karɓa daga wanda ya tsaya wa mai laifi, ba shi ya ƙulla cinikin ba.

Akwai 'yan abubuwa da ya kamata kowane gida a bakin hanyar nan ya sani, zan ambace su a taƙaice. Asibiti ba shi da ikon ƙin karɓar wanda ya yi haɗari, ko ya ce sai an kawo takardar 'yan sanda: dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta sa tara a kan haka, dokar lafiya ta 2014 kuma ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida ga wanda ya hana taimakon gaggawa, lambar kiran hukumar 122 ce. Shari'ar laifi daban take da ƙarar neman biya, hukunta direba ko sakinsa ba ya biyan kuɗin asibiti. A rubuta lambar mota, a nemi rahoton 'yan sanda da sunan kamfanin inshora, a adana rasiɗin magani, a sanar da kamfanin da wuri. Ƙara tana da wa'adi, kuma in motar hukuma ce wa'adin gajere ne ainun, domin dokar kare ma'aikatan gwamnati wata uku kacal ta bayar. Wanda ba shi da kuɗin lauya, Hukumar Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta haɗa da ƙarar haɗari.

Game da ƙone mota da dukan direba, wanda na ce mun haɗu da Malam a kan haramcinsa, ina ganin ya ɗauko cutar ya bar sababinta. Matasan da ke ɗaukar fetur sun taso ne suna ganin an buge wane an yafe, an buge wance an yafe, motocin ba su rage gudu ba, marayun ba su sami komai ba, sai suka yanke cewa abin da ba a karɓa nan take a bakin titi ba, ba za a ƙara ganinsa ba. Direba kuma, da ya san abin da ke jiransa, sai ya ƙi tsayawa, wanda da an kai shi asibiti da wuri zai rayu ya mutu a kwalta. Abin da nake roƙo ga limamanmu da dagatai da hakiman Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne su tsare ran direba su miƙa shi ga hukuma lafiya, sa'an nan su hana a yi zancen yafiya a zaman makoki; a dakata sai hankali ya kwanta, sai rauni ya nuna inda ya tsaya, a zauna gaban alƙali a lissafa magada da rabonsu, a tambayi matar da bakinta, a rubuta abin da aka daidaita a kai, rabon yara kuma a ajiye musu shi. In Malam yana da nassi daga Risala, ko Muhtasar, ko Tuhfa ta Ibn Asim, wanda ya halatta wa baffa ko mai unguwa ya yafe rabon maraya a cikin diyyar ubansa, ina roƙonsa ya kawo shi da babinsa a rubutunsa na gaba.